Abokina Kwandastan Bas Mai Bene

A shekarar da cutar korona ta kulle duniya ina zaune a Al Wakrah ta ƙasar Qatar, ni da maiɗakina, a wani ƙaramin gida da tagarsa ke kallon bayan kasuwa. Injiniyan lantarki ne ni a wani kamfanin gas, amma tun farkon annobar aka ce mu da muka manyanta mu zauna a gida, mu yi abin da za mu iya ta kwamfuta. 'Ya'yanmu duk suna Najeriya. Masallatai a rufe suke, ladan ya kira salla ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa. Da yamma nakan tsaya a taga in hango jiragen masunta a ɗaure, babu mai fita. Na yi ta fama da rashin sukuni a watannin nan, har maiɗakina ta fara ce mini in daina sauraron labarai.

A cikin haka ne wani likita Bakano da muke gaisawa, wanda ke aiki a wani asibiti a Doha, ya turo mini wani saƙo da ya yi ta yawo a wayoyin likitocin Najeriya na ƙasashen waje. Limamin wani masallaci ne a arewacin Ingila yake cigiya. Wai akwai wani tsoho Bahaushe a gidan kula da tsofaffi na garinsu, cutar mantuwa ta kama shi, Turancin da ya yi rayuwarsa da shi ya zube, ba ya magana sai da Hausa, kuma babu mai jin sa. 'Yarsa ce ke neman duk wanda zai iya yi mata tafinta ta waya. Likitan ya tuna na taɓa ce masa a wannan yankin na yi karatu. Da na ga sunan garin da sunan tsohon sai na ajiye wayar a kan tebur. Abokina ne, wanda rabona da shi tun muna samari.

Tare muka sauka a garin, a tsakiyar shekarun saba'in, cikin ɗaliban da gwamnatin jiha ta tura koyon aikin lantarki. Ni Bazazzage ne, ɗan birni. Shi kuma daga wani ƙauye ya fito a ƙasar Katsina, dogo ne sosai, siriri, mai yawan dariya, kuma duk ya fi mu ƙwaƙwalwar lissafi amma rubutun Turanci na ba shi wuya. Ɗaki guda muka kama a gidan wata tsohuwa a wata unguwar masu haƙar kwal, can bayan gari. Tsakanin unguwar da kwalejinmu akwai gadar jirgin ƙasa, tsohuwa, ta bulo, mai gajeren baki. Bas mai bene irin wadda ake gani a hotunan Landan ba ta iya wucewa ta ƙarƙashinta. Saboda haka kamfanin motocin garin ke da wasu na musamman da aka rage wa tsayi, su kaɗai ke bin hanyarmu.

Wanda bai hau irin motar nan ba zai yi wuya ya gane takurarta. A hawa na sama babu hanya a tsakiya. An tura hanyar gefen dama ne, aka nutsar da ita ƙasa kamar kwata, don mutum ya samu ya tsaya. Daga cikin kwatar sai ka taka ka hau, ka shiga dogon benci mai cin mutum huɗu, kana sunkuye, rufin na gogar hularka. Idan kai ne a jikin taga kuma tasharka ta zo, sai duk mutanen bencin sun miƙe sun sauka cikin kwatar kafin ka fita, suna gunaguni. A hawa na ƙasa kuma, cikin kwatar nan ne ya sauko a kan waɗanda ke zaune a dama, duk wanda ya miƙe da gaggawa sai ya ƙume kansa, ko da yake an rubuta gargaɗi a wurin. A sama ake shan taba, tagogi a rufe saboda sanyi, gumi na gangarowa a jikin gilashi, ga warin rigunan da ruwa ya jiƙa. Idan muka iso gadar direba kan rage gudu, duhu ya rufe mu na ɗan lokaci, ka ji kamar bulon zai taɓa kanka. Abokina kan duƙa duk lokacin, ko da yana zaune, mu yi ta yi masa dariya.

A hutun bazara na biyu ya nemi aikin wucin gadi a kamfanin motocin, suka ɗauke shi kwandasta. Duk tsawon nan nasa aka sa shi a hanyarmu. Nakan hau in gan shi da na'urar tikiti rataye a wuya, tsaye a cikin kwata, ya miƙa dogon hannunsa ya tsallake mutum uku ya kai wa na jikin taga tikitinsa. Tsofaffin matan unguwar suka so shi, don yakan riƙe musu kaya ya kuma dafa kawunansu da tafin hannu idan za su miƙe a ƙasa. Da aka koma karatu bai bar aikin ba gaba ɗaya. Ya faɗi jarrabawar rubutu, ya sake, ya sake faɗuwa. Ya ce mini ba zai iya komawa ƙauyensu hannu sake ba, alhali da ganga aka rako shi tasha. Zai zauna ya sake gwadawa. A lokacin kuma ya fara neman wata Baturiya da ke sayar da shayi a kantin ma'aikatan garejin.

Ranar da zan dawo gida shi ya ɗauki akwatina har tashar jirgi. Mun yi ta musayar wasiƙu na wasu shekaru, daga baya nasa suka ɗauke. Na taɓa zuwa ƙauyensu da saƙonsa a farkon dawowata. Mahaifinsa ya karɓe ni da mutunci, amma da ya ji zancen auren Baturiya sai ya canza magana, ya shiga tambayata labarin damina a Zariya. Daga nan rayuwa ta ja ni: aure, aiki a Kaduna, aiki a Fatakwal, har na zo Qatar da furfura.

Na rubuta wa limamin, shi kuma ya haɗa ni da 'yar. Mace ce da ta haura arba'in, malamar makarantar firamare, ita kaɗai iyayenta suka haifa, kuma mahaifiyarta ta rasu. Ta ce tun da aka hana ziyara ba ta shiga wurinsa ba, sai dai ta tsaya a waje ta hango shi ta gilashi. Ya daina cin abinci, yana ture hannun masu kula da shi, yana ta faɗin wasu kalmomi da ba wanda ya sani. Ita kanta ba ta jin Hausa. Bai taɓa koya mata ba.

Muka tsara kiran bidiyo bayan la'asar ɗinmu, lokacin su sun gama abincin rana. Fuska uku ne a allon: ita a kicin ɗinta, ni a falona, shi a kan kujera, wata ma'aikaciya mai takunkumi na riƙe masa na'urar. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, kansa ya yi fari fat, wuyansa ya karkata gaba, ga wani tsohon tabo daga goshi zuwa saman kunne wanda ban san shi da shi ba. Na yi masa sallama. Ya ɗago a hankali, ya amsa cikakkiyar amsa, sannan ya ce, "Wa ke magana? Daga gida kake?"

Na faɗa masa sunana, bai nuna ya sani ba. Amma bakinsa ya buɗe. Hausar da ta fito ta ƙauyensu ce ta wancan zamani, Katsinanci tsantsa, irin wadda na daɗe ban ji ba, babu kalmar Turanci ko ɗaya a ciki. Ya tambaye ni ko an yi ruwa, ko an fara shuka. Na ce an fara. Sai ya kama kumatunsa ya ce haƙori ne ya hana shi sakat, ya faɗa musu ya faɗa musu, ba su ji. Na juya na gaya wa ma'aikaciyar. Ta ce sun ɗauka rigima ce irin ta masu cutar. Bayan 'yan kwanaki aka samo mai duba shi, aka tarar dasashinsa ya kumbura da mugunya. Da aka yi magani ya koma cin abinci. A wani kiran kuma muka gano cewa ruwan da yake zubarwa a ƙafafunsa, wanda ake ta hana shi, alwala yake son yi. 'Yar ta yi mamaki, ta ce a iya saninta ba ta taɓa ganin ya yi salla ba, sai dai ba ya cin naman alade, kuma da azumi yakan yi shiru-shiru.

Kiran ya zama abin da nake jira a mako. Wani lokaci ya ɗauke ni a matsayin wani malaminsu na firamare, wani lokaci fasinja. Wata rana na ce bari in gwada. Na kwatanta masa bencin baya na sama, da tsohuwar da muka zauna a gidanta, da yadda yake duƙawa idan muka iso gada. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai ne hwa mai barci a jikin taga, sai an tada mutane dominka." Gaskiya ne, ni ne. Maiɗakina da ke zaune a gefe, inda kyamara ba ta kaiwa, ta miƙo mini ruwa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne tafintar da ta shafi 'yar. Takan yi masa magana da Turanci, in mayar masa, ya amsa mini ni, ba ita ba. Rannan ya ƙura wa fuskarta ido a allon, ya tambaye ni a hankali, kamar mai gudun kada ta ji, "Wace ce wannan Baturiyar da ke biyo mu kullum?" Na ce 'yarka ce. Ya ce shi bai yi aure ba tukuna, sai ya koma gida. Ta tambaye ni me ya ce. Na fara kewaye-kewaye, na ce yana tambaya ne game da ita. Ta ce in faɗa mata yadda ya faɗa, ta san kalmar Baturiya, da ita yake tsokanar mahaifiyarta. Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta ce in ci gaba da faɗa mata komai yadda yake, ta fi son haka. Daga nan ta kashe kyamararta, amma ba ta fita daga kiran ba.

Akwai kuma ranakun da hankalinsa ke tashi. Sai ya kama hannun kujera yana ƙoƙarin miƙewa, yana cewa ba motarmu ba ce, wannan doguwa ce, a gaya wa direba, ga gada nan. Ya riƙa dukan iska da hannu kamar mai neman ƙararrawa. Ma'aikatan sun ce ya kan yi haka har ya faɗi. Ni ban gane ba, sai da 'yar ta ba ni labarin da ita ma daga bakin mahaifiyarta ta ji. Bayan na dawo Najeriya, wata safiya motarsu ta lalace, aka ba su wata daga gareji, irin mai cikakken tsayi, direban kuma sabo ne a hanyar. Abokina na ƙasa yana ba da tikiti, bai lura ba sai da ya hango gadar. Ya buga ƙararrawa, ya ruga kan matakala yana kiran na sama su kwanta. Gadar ta yanke rufin. Shi ya samu raunin nan a ka, wata mata da ke zaune a gaba ta mutu. Masu bincike sun ce ba laifinsa ba ne. Bai sake aikin kwandasta ba, ya koma cikin gareji yana gyaran wayoyin motoci har ya yi ritaya, kuma bai taɓa ta da zancen a gida ba. Da na lissafa sai na ga a daidai lokacin ne wasiƙunsa suka daina zuwa.

Na yi ta lallashinsa da cewa abin ya wuce, yana gida lafiya, amma ba ya ji. Wata rana da abin ya tsananta, ma'aikaciyar na riƙe da kafaɗarsa, sai na ɗaga murya na ce masa, "Na ji ƙararrawa, na taka birki. Mun tsaya." Ya tsaya cak yana haki. Ya tambaya ko an sauko da na sama. Na ce duk sun sauko. Ya koma ya jingina, ya ce alhamdulillahi. Daga ranar haka nake yi masa, har na rubuta wa ma'aikatan kalmomin yadda za su iya furtawa idan ba na nan. Abin ya dame ni, domin ƙarya nake yi wa mutumin da ba zai iya tantancewa ba, kuma washegari motar za ta sake tasowa. Maiɗakina ta ce ita ba ta ga laifi ba. Ni dai ban samu natsuwa a kai ba, amma ban daina ba.

'Yar ta roƙe ni in nemo mata danginsa. Na yi cigiya a cikin 'yan uwanmu na Doha, har aka haɗa ni da wani dattijo Bakatsine, direban motar makaranta da ke zaune a Al Muntazah, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu ce. Shi ma a lokacin zaman gida yake, makarantu a rufe. Ya yi ta buga waya har aka gano cewa iyayen da yayyen duk sun rasu, saura ƙanwarsa guda, wadda take yarinya lokacin da ya tafi, yanzu tsohuwa ce a gidan ɗanta a cikin birnin Katsina. Na kira ta. Da na gama bayani ta ce ai su sun daɗe da yi masa addu'ar mamaci. Ta ce mahaifiyarsu har ta bar duniya idan ta ji ƙarar mota a bakin gari sai ta aika a dubo. Na tambaye ta ko za ta yarda ta yi magana da shi. Ta ce in ba ta lokaci. Bayan mako biyu ta aiko ta ce ta yarda, muka sa ranar Juma'a.

Kafin Juma'ar cutar ta shiga gidan tsofaffin. Aka kira 'yar aka ce yana zazzaɓi, numfashinsa na sama-sama, kuma likitoci sun ga kai shi asibiti ba zai ƙara masa komai ba. Aka bar ta ta shiga a ƙarshe, an naɗe ta cikin leda daga sama har ƙasa. Ita ta riƙe wayar a kusa da kunnensa. Da hantsi ne a wurinmu, rana ta cika falon, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani. Na kira shi, bai buɗe ido ba. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a hankali, na karanta abin da ya sawwaƙa. Na ga leɓɓansa na motsi, amma ba zan ce ga abin da ya faɗa ba. Mun yi ƙoƙarin haɗa ƙanwar, layin Najeriya ya ƙi shiga. Washegari ya cika. Mutanen masallacin garin, yawancinsu 'yan Pakistan, su suka yi masa sutura, mutum kaɗan aka bari suka raka shi.

Ni na sanar da ƙanwar. Ta yi salati, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Malam, da ka bar ni yadda nake. Na riga na binne shi sau ɗaya." Ta tambaye ni ko yana salla. Na gaya mata zancen alwalar, na ce iyakar abin da na sani ke nan. Muka yi sallama, aka daɗe ba mu sake magana ba. Bayan la'asar ta zama mini lokaci mai wuya. Da aka buɗe masallatai, muna salla nesa-nesa kowa da dardumarsa, nakan daɗe a zaune bayan an watse har mai gadi ya zo ya ce kalas, wato an gama, za a rufe.

Shekara biyu bayan haka gasar cin kofin duniya ta zo, Doha ta koma wani gari daban. Al Wakrah da muka sani shiru ta cika da baƙi masu tutoci, gajerun wanduna da waƙe-waƙe, kasuwa ba masaka tsinke. An ce mu yi aiki daga gida saboda cunkoso, ni kuma na riga na san kwantiragina ba za a sabunta ba, muna ta ɗaure kaya a hankali. Sai ga saƙon 'yar abokina. Mijinta mai son ƙwallo ne, sun sami tikiti, za su sauka a Lusail, tana so ta gan ni ido da ido.

Na je na tarye ta a tashar jirgin ƙasa ta Al Wakrah, ita kaɗai, mijin ya tafi kallon wasa. Tun daga nesa na gane ta a cikin taron, don tsawonsa ta ɗauko da irin tafiyarsa. Ta yafa gyale a kanta, ta gaishe ni da "ina wuni" da ta koyo a waya, ta tambaye ni yadda ya kamata ta kira ni. Na ce Baffa. Maiɗakina ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ci kaɗan, ta ce ƙamshin daddawar ya tuna mata wani abu da mahaifinta kan ɓoye a cikin gwangwani a bayan kabad, mahaifiyarta na faɗan wari. Ta yi ta yi mini tambayoyi a kan samartakarsa, na ba ta abin da na tuna. Ta ce mutumin da nake kwatantawa, mai surutu da dariya, ba shi ta sani ba. Nata uban mai shiru ne, yana kai ta makaranta a ƙasa komai ruwa, ba ya yarda ta hau bas.

Bayan cin abinci ta ce tana so ta ga gwaggonta. Na yi jinkiri, domin ban san yadda tsohuwar za ta karɓa ba, amma na kira ɗanta, ya haɗa mu. Tsohuwar na zaune a kan tabarma a tsakar gida, jikoki na leƙowa. Na sake zama tafinta. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce a matso da shi. Ta ce goshin mahaifiyarsu ne, har da yadda take riƙe baki. Na fassara, 'yar ta fara hawaye. Sai tsohuwar ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba, ta ce in tambaye ta, duk shekarun nan uwarta ce ta hana shi zuwa, ko shi ne bai ga dama ba. Ta ce in tambaye ta ko ta san yana da uwa. Na dubi 'yar, na tuna alkawarin da muka yi, na faɗa mata kamar yadda aka faɗa. 'Yar ta ce mahaifiyarta ta sha roƙonsa su je, har ta taɓa karɓo musu takardun fasfo, shi ne yake cewa sai baɗi. Ta ce ta san yana da uwa, domin ranar da wani ɗan garinsu ya kawo masa labarin rasuwarta, ya shiga rumfar bayan gida ya kulle kansa har yamma. Na mayar wa tsohuwar. Ta sa gefen zanenta ta share fuska, ta ce to, Allah ya jiƙan su duka. Ta ce idan yarinyar na so ta zo, gida nata ne. Ba ta ƙara komai ba, ta miƙa wa ɗanta wayar.

Na mayar da 'yar tasha kafin magariba. A hanya ta ce ba ta san ko ta kyauta ba da ta nemi kiran. Na ce ni ma ban sani ba. Masu nuna hanya da lasifika na ta kiran mutane su bi layi, ta shiga cikin taron, na juyo gida.

Da safe na tarar da saƙon murya daga Katsina. Tsohuwar ta ce ta kwana tana tunani, in ba yarinyar haƙuri idan maganarta ta yi zafi. Sannan ta ce abu ɗaya ke damunta, in tambayar mata ko kabarin ya fuskanci alƙibla, tunda a ƙasar da ba ta Musulmi ba aka sa shi. Na ce mata mutanen masallaci ne suka yi, sun san aikinsu. Ta ce duk da haka a dubo. Na aika wa 'yar, na yi mata bayanin abin da ake nufi da yadda za ta auna da wayarta. Sai da suka koma Ingila, sanyi ya yi tsanani, ta samu ta je maƙabartar. Ta turo mini hoton, ga tudun ƙasa da ciyawa ta fara rufewa, ga wayar a ajiye a gefensa da kibiyar alƙibla, ɗigon ruwan sama a kan gilashin. Daidai yake. A lokacin muna cikin kwalaye, saura 'yan kwanaki mu bar Qatar. Na tura wa ɗan tsohuwar hoton, na kira na yi mata bayani. Ta ce madalla, ta gode. Ta tambaye ni yaushe za mu iso gida, ta ce idan na huta in zo Katsina, akwai abubuwan da take so ta tambaye ni da ba na waya ba ne.